Kura Ba Ta Da Ƙabila: A Dawo Mana Da Gizo Gidan Rediyo

Yau ina roƙon 'yan uwa 'yan kasuwa mu ɗan ajiye lissafin sefa da naira da sidi a gefe, mu taɓa wata magana wadda na san wasu dattawanmu za su ce ta yara ce, wato maganar Gizo da Ƙoƙi da wasan barkwanci na rediyo. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da Hausawan Abijan, musamman na Adjame da Treichville, tare da abokan cinikinsu na kasuwannin kan iyaka, za su sa hannu a aljihu su ɗauki nauyin wani shiri na mako-mako da zai ɗauko tatsuniyoyin da kakanninmu suka yi mana, ya juya su, ya kawo Gizo kasuwa, ya ɗora Kura a kan shingen hanya. Mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni har ƙarshe kafin ya ce shifcin Gizo nake yi.

Duk wanda ya ba shekara 40 baya a cikinmu bai manta matsayin akwatin rediyo a wurin Bahaushen da ke zaman baƙunta ba. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, a gajeren zango mita 49 ake kama shi, kuma idan dare ya yi muryarsa takan sauko har nan bakin teku. Mai shayi ya ɗora akwatinsa a kan tebur, masu gadi da masu tsire da 'yan dako su kewaye shi, in an yi abin dariya a tuntsire gaba ɗaya har maƙwabta su leƙo. A can ne jama'a suka san Zaman Duniya Iyawa Ne na Alhaji Yusuf Ladan, da Duniya Budurwar Wawa, da kuma Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a watan Nuwamban 2023. 'Yan uwanmu na Nijar kuma suna da Yazi Dogo da 'yan wasansa na Damagaram, waɗanda suka daɗe suna ba mutane dariya a rediyo da talabijin na ƙasar.

Waɗannan wasanni ba tatsuniya ba ce kai tsaye, amma wanda ya saurare su da kunnen basira ya san jinin Gizo ke gudana a cikinsu. Ga cika baki, ga kwaɗayi, ga wayon da ke komawa kan mai shi, ga kuma ƙaramin mutum yana neman ƙofar da zai sulale daga hannun babba. Dalili ke nan da ya sa tsoho da jikansa suke dariya a wuri ɗaya, domin duk su biyun a makaranta ɗaya suka koyi halin Gizo, wato ɗakin tsohuwa bayan cin tuwon dare.

Juya tatsuniyar yara don a ba manya dariya kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. A 1933 aka yi gasar rubuta ƙagaggun labarai na Hausa a Zariya, Malam Abubakar Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, aka buga shi a 1934. Wannan suna daga tatsuniya ya aro shi, wadda kowace yarinya a ƙasar Hausa ta sani, ta 'yar Bora da 'yar Mowa. Imam ya ɗauki sunan ruwan da doguwar tafiyar nemansa, ya cire 'yan matan, ya zuba Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna yi wa juna ƙeta daga wannan gari zuwa wancan. Yau shekara 90 da ɗoriya ana karanta littafin ana dariya, kuma bai hana ko tsohuwa ɗaya ci gaba da yi wa jikokinta tatsuniyar ta asali ba.

Turawa ma sun san wannan sana'a. A Amurka akwai wani shirin 'yan sanda mai suna Dragnet da aka fara a rediyo a 1949, inda ɗan sandan ciki ke magana a dake, ba murmushi ba wasa. A 1953 wani ɗan barkwanci, Stan Freberg, ya ɗauko tatsuniyarsu ta yarinyar nan mai jar hula da ke kai wa kakarta abinci a daji, ya sa ta a bakin irin wannan ɗan sanda. Ya tare yarinyar a hanya, ya bincike kwandonta, ya ga bindiga da wuƙa ya ce babu abin tuhuma, domin shi kayan ƙwalamar da ake safararsu a ɓoye yake nema. Faifan da wannan wasa ke ciki ya kai na ɗaya a kasuwar faya-fayan Amurka a wannan shekara, gidajen rediyo suka yi ta sa shi. Duk ɗan kasuwar da aka taɓa sauke wa kaya a hanya, ko bai taɓa jin sunan Freberg ba, ya san inda wannan dariya ta dosa.

To, bari mu gwada da namu mu gani. A tatsuniyar asali an kori 'yar Bora ta je ta yi wanki a Ruwan Bagaja. Ta haɗu da abubuwan al'ajabi a hanya ba ta yi musu dariya ba, ta yi ladabi, aka ba ta ƙwai, ta fasa, ta dawo gida a kan doki da dukiya. 'Yar Mowa ta tafi da tsiwa da rashin kunya, ta dawo a kan jaki, ƙudaje na bin ta. Yanzu a ce a rediyo 'yar Bora ta kama hanya da katin shaida, da katin allura, da takardun kaya cikakku. Ta isa shingen farko a dokar daji, Kura ta karɓi takardun ta riƙe su a kife, ta ce hoton da ke jiki bai gaishe ta ba. A shinge na biyu Dila malamin daji ya buɗe wani ƙaton littafi ya ce kwandon an biya masa kuɗi, saura na inuwarsa. Da za ta dawo da ƙwan da aka ba ta, aka ce sai ta kawo takardar da ke nuna kazar da ta yi shi 'yar wace ƙasa ce. Tana nan zaune a kan benci rana na dukanta sai ga 'yar Mowa ba ko takarda ɗaya, ta naɗe jika biyu a tafin hannu ta gaisa da Kura, aka ɗage mata igiya har da yi mata a sauka lafiya.

Mai karatu, in ka yi murmushi, tambayi kanka dalili. Dalilin shi ne ka san a wurin tsohuwa mai haƙuri ke cin riba, yanzu kuma ka ji an juya, kuma juyin ya yi daidai da abin da idonka ya gani. Wanda bai san 'yar Bora ba, abin da zai ji kawai labarin wata yarinya da aka tsare a hanya. Ashe wannan irin wasa ƙafa biyu gare shi, ɗaya a ɗakin kaka, ɗaya a kasuwa, in ɗaya ta karye ba ya tafiya. A kan waɗannan ƙafafu biyu dalilaina suke.

Dalili na farko, muna da abin faɗi mai yawa, bakinmu kuma a ɗaure yake. Daga Abijan zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, ƙasa biyar, iyaka huɗu: Noe da Elubo, Aflao, Hilakondji, sannan Seme. Tun 1979 ƙasashen CEDEAO, wato ECOWAS, suka sa hannu a yarjejeniyar walwalar jama'a, amma mai tafiya ya san tazarar da ke tsakanin takarda da hanya. Mun ga faɗuwar darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Mun ga zamanin takardar zaman baƙi a nan Kodebuwa, wadda sai a 2007 aka ɗauke wa 'yan CEDEAO ita. Mun ga Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Mun ga an rufe gadar Gaya da Malanville bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, mutane suka koma tsallaka kogi a kwalekwale. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga CEDEAO. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar wa ɗan kasuwa tabo. Amma Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Mutumin da shagonsa na haya ne, takardarsa ta wata ƙasa ce, ba zai hau rediyo ya kama sunan wani jami'i ko wani ofis ba, kuma mu ma'aikatan ƙananan gidajen rediyo ba za mu ba shi makirufo ya yi haka ba, domin akwai doka, akwai kuma zaman lafiyar jama'armu da za mu duba.

Nan ne amfanin Kura yake. Kura ba ta da ƙabila, ba ta da jam'iyya, ba ta da ƙasa, ba ta da lambar aiki. Ba wanda zai kai ka ƙara don ka ce Kura na da haɗama, sai fa in shi ne zai tsaya gaban alƙali ya ce shi ne Kurar. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma jami'in kirki mai tsoron Allah, waɗanda akwai su a kowace iyaka, shi ma dariya zai yi tare da mu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ta ga rikicin Satumban 2002 da na bayan zaɓen 2010, wanda ya ci rayuka kimanin 3,000. Mun kuma san abin da rediyon RTLM ya aikata a Ruwanda a 1994, inda da kiɗa da barkwanci aka riƙa zuga mutane su kashe maƙwabtansu. Barkwancin da ke kama sunan ƙabila, ko ya kwaikwayi maganar wata al'umma don a raina ta, wasa da wuta ne a bakin rumbu. Kakanninmu sun gane haka tun tuni, shi ya sa suka ɗora halin ɗan Adam a kan dabbobin daji.

Kada kuma wani ya zaci Kura kaɗai za a yi wa tsiya. In har shirin na gaskiya ne, da mu zai fara, domin Gizo ɗan kasuwa ne. Ku tuna da tatsuniyar da ya ci bashin Giwa a tudu, ya ci na Dorina a ruwa, ya yi wa kowanne alkawarin doki, ranar biya ya miƙa wa kowa bakin igiya ɗaya ya ce ya ja, suka wuni suna jan juna shi kuwa ya yi ta kansa. A kawo wannan Abijan mana. Giwa tana da babban shago a Forum na Adjame, Dorina tana tsallaken ruwa a babbar kasuwar Treichville, Gizo ya ɗebi atamfa a nan ya ɗebi takalma a can, ya ba kowanne lambar wayar ɗaya ya ce ta wansa ce mai biya. Wa zai ce bai san wannan Gizon ba? Haka kuma Gizon da ke jera manyan albasa a bakin buhu ya cusa ruɓaɓɓu a ƙasa, da wanda ya lotsa gindin mudu, da wanda aka ba ajiyar kuɗin adashi ya ce ɓera ya cinye. Waɗannan su ke zubar mana da mutunci a idon masu gari, kuma nasihar da suka toshe wa kunne a zaure, wataƙila dariyar jama'a ta shige su. Da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya.

Dalili na biyu shi ne 'ya'yanmu, kuma shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Yaron da aka haifa a Adjame ko Treichville yana Julanci a kasuwa, Faransanci a makaranta, Nushi a titi, Hausa kuwa sau da yawa sai in uwarsa na masa faɗa. Duk Abijan ba wanda bai san garba ba, aceke da soyayyen kifi, abincin da ya ɗauki sunan 'yan uwanmu na Nijar da suka shahara da sayar da shi. Sunanmu ya shiga bakin gari, amma tara yara goma a ƙofar gida ka ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ka ƙirga nawa za su amsa maka da "Ta zo mu ji ta." Masu gari ba su yi sakaci da nasu Gizon ba. Kaku Ananze suke ce masa, kuma tun 1955 Bernard Dadie ya tattara labaransa a littafin Le Pagne noir. Dadie ya rasu a 2019, babban zauren al'adu da ke Treichville kuma sunansa yake ɗauke da shi. Ɗanka zai iya sanin Ananze a makarantar boko ya girma bai taɓa jin sunan Ƙoƙi ko Ɓotorami ba.

Yaro ba ya koyon harshe don an yi masa wa'azin muhimmancinsa. Yana koya ne idan ya ga manya sun tuntsire da dariya shi an bar shi a baya, sai ya ja rigar uwarsa ya ce, "Inna, me Gizo ya ce? Wace ce 'yar Bora?" Daga nan tatsuniya ta dawo ɗaki. Kuma kada a ce Hausar yaranmu ta gurɓace, ba za ta hau rediyo ba. Shi kansa Gizo tsamin baki gare shi, duk mai tatsuniyar da ta ƙware sai ta karya harshe in ta zo kan maganarsa. Samanja kuwa Banufe ne ɗan Pategi, da Hausar bariki gauraye da Turancin soja ya mamaye Arewa. Saboda haka yaron da ke cusa Faransanci da Julanci a cikin Hausarsa shi ya fi dacewa ya fito a matsayin Gizon Abijan, a sa masa Ƙoƙi mai Hausa tsantsa tana gyara masa magana, masu sauraro na dariya suna ƙaruwa.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba zan raina hujjarsu ba. Wasu za su ce tatsuniya ƙarya ce, ba ta dace da dattijo ba. Amsa ita ce, ƙarya ita ce maganar da aka yi don a yaudari mutum, tatsuniya kuwa da bakinta take shelanta kanta, shi ya sa mai yin ta ke rufewa da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Ba yaron da ya taɓa fita neman Dorina ya karɓo bashi. Abin da ya kamata a tsare shi ne batsa da cin mutunci, kuma wannan sharaɗi ne da mai ɗaukar nauyin shiri ke da ikon gindayawa tun ranar farko. Wasu kuma za su ce juya tatsuniya ɓata ta ne. A ganina abin da ke kashe tatsuniya shi ne a daina yin ta, kuma maganin wannan tsoro mai sauƙi ne: a raba shirin biyu, minti goma na farko wata tsohuwa ta kawo tatsuniyar yadda ta gaje ta, sauran minti ashirin 'yan wasa su juya ta. A sa shi bayan sallar isha'i, don kada a saɓa wa tsofaffin da suka tsoratar da mu cewa mai tatsuniya da rana ɓata zai yi.

Akwai kuma masu cewa zamanin rediyo ya wuce, yanzu kowa na kan waya. Gaskiya ne waya ta shiga ko'ina, amma direban da ya ɗauko shanu ko albasa daga Arewa ba zai kalli bidiyo yana tuƙi ba, haka mai yanka tsire, da tela, da mai awon hatsi. Kunnensu ne a sake, hannu da ido na kan aiki. Kuma shirin murya ba shi da nauyi, da an gama watsa shi sai ya hau WhatsApp, kafin gari ya waye ya isa Jibiya da Illela da Ƙonni da Maigatari da Dan Isa. Wayar da ake tsoro ita ce za ta zama jakin da zai kai shi inda eriyar ƙaramin gidan rediyo ba ta kaiwa.

To, me ake bukata? Abu uku ne, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu. Na ɗaya, duk mai tsohuwa a gida, a nan ko a can ƙauye, ya ɗauki muryarta a waya tana tatsuniya tun tana raye. Kada a raina wannan aiki. Littafin tatsuniyoyin Hausa da Baturen nan Rattray ya buga a 1913, wani malami ne, Malam Shaihu, ya rubuta shi da ajami a ƙasar da yanzu ake kira Gana, wato mutumin zango ne irinmu, kuma da bai zauna ya rubuta ba da abin ya bi iska. Na biyu, duk mai tsofaffin kaset na wasannin da a cikin akwati ko ƙarƙashin gado ya fito da su a kwafe su a kwamfuta a mayar masa da abinsa. Laimar bakin teku ba ta barin kaset, kullum zarensa ƙara lalacewa yake, kuma matasan da za su yi sabon wasa suna bukatar jin yadda magabata suka yi nasu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na uku shi ne kuɗi, kuma nan ne maganar ta zo kanku. Ƙaramin gidan rediyo da kuɗin sanarwa da na sayen fili yake rayuwa, 'yan wasa kuma suna da iyali, ba za su bar sana'arsu su zo gwaji kullum a kyauta ba. Muna kashe kuɗi a sanarwar biki da suna da gaishe-gaishe, muna liƙa wa maroƙa a taro, ba kuwa laifi ba ne. Amma in ƙungiyar masu albasa ta ɗauki wata ɗaya, ta masu goro ta ɗauki wata ɗaya, mahauta da dillalan shanu na Port-Bouet su ɗauki nasu, masu motocin sufuri su ma haka, shekara za ta zagayo ba wanda ya ji nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai ɗaukar nauyi a ambaci sunan shagonsa da hajarsa, wannan hakkinsa ne. Sharaɗi ɗaya kawai za a yi masa, kada ran da Gizo ya lotsa mudu ya aiko a ce a cire wurin don ya yi kama da shi.

Daga ƙarshe ina kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Adjame da Treichville da su sa wannan magana cikin abin da za su tattauna a zamansu na gaba, su kira ma'aikatan rediyo da matasa masu sha'awar wasa a zauna a tsara. Iyayenmu mata kuma, ku ne masu rumbun, kada ku jira rediyo, ku fara tun daren yau. 'Yan uwa na kan iyaka, ku ma ku isar da wannan ga gidajen rediyon garuruwanku, domin Kurar da ke shingenku ita ce a namu. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare matafiyanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.